Harin Amurka a Tangaza: Muna Goyon Baya, Amma Ba Za Mu Sayi Labarin Trump Ba



Tun daren Alhamis 25 ga Disamba 2025, da Amurka ta yi luguden wuta a dajin Bauni cikin ƙaramar hukumar Tangaza ta jihar Sakkwato, saƙonni ke ta shigo mana: wai me ya sa shafin nan ya yi gum? Wasu har da cewa tsoro muke ji. To ba tsoro ba ne, jira muka yi ƙura ta ɗan lafa. Ga matsayarmu a fili: muna goyon bayan duk wani hari da za a kai wa Lakurawa da ire-irensu, ko daga ina makamin ya taso, matuƙar da sanin Najeriya da amincewarta aka yi, kuma ba a kan talaka ya sauka ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne labarin da aka naɗe harin a ciki aka kai wa duniya. Kuma a ganinmu wannan labarin ya fi makamin hatsari ga mutumin Fagge da mutumin Sabon Gari.

Bari mu fara da abin da aka tabbatar. Shugaba Donald Trump ne ya fara sanarwa a shafinsa na Truth Social, ya ce ya sa an kai hari kan 'yan ISIS masu kashe Kiristoci a arewa maso yammacin Najeriya. Ma'aikatar harkokin wajenmu ta biyo baya ta ce da haɗin gwiwa aka yi. Minista Yusuf Maitama Tuggar ya ce Najeriya ce ta ba da bayanan sirri, ya yi waya da Marco Rubio kafin harin, Shugaba Tinubu ya ba da izini, kuma abin bai da alaƙa da wani addini. Ministan yaɗa labarai Mohammed Idris ya ce maɓoya biyu aka nufa a dajin Bauni, da makamai 16. An kuma amsa cewa tarkace sun faɗa a garin Jabo na ƙaramar hukumar Tambuwal da kuma Offa a jihar Kwara. Iya abin da ke hannu kenan. Ragowar duk da kuke gani a waya, yawancinsa ƙari ne.

Su wane ne Lakurawa? Da yawan masu zaginmu a akwatin sharhi ba su taɓa jin sunan Tangaza ba sai a makon harin. Mutane ne masu ɗauke da makamai da suka tsallako daga ɓangaren Mali da Nijar. Shekarun baya wasu al'ummomin Tangaza da Gudu sun karɓe su don su kare su daga ɓarayin shanu, tunda hukuma ta yi musu nisa. Daga baya mai gadi ya zama mai gida. Suka fara karɓar abin da suke kira zakka da bakin bindiga, su kore shanun mutum, su zane saurayi don an ga kiɗa a wayarsa, su yi wa'azin dole a kasuwa. A watan Nuwamba 2024 rundunar sojin Najeriya ta fito ta amsa cewa suna nan. A watan ne suka shiga garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a Kebbi suka kashe mutum 15. A Janairun 2025 babbar kotun tarayya da ke Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. Mutanen Mera Musulmi ne. Mutanen Tangaza da Gudu kusan kaf ɗinsu Musulmi ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ga masu cewa haramun ne sojan waje ya taka ƙasarmu, ko da sunan taimako. 'Yan uwa, a ina kuke a 2015? A farkon shekarar nan Boko Haram na riƙe da ƙananan hukumomi da dama a Borno da Yobe da Adamawa, har sai da aka ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. Wa ya ƙwato Gamboru? Sojojin Chadi. Wa ya shiga Dikwa? Sojojin Chadi. Damasak fa? Chadi da Nijar. Ba mu ji wanda ya yi kukan diyaucin ƙasa a lokacin ba. A 2020 da marigayi Idris Deby ya sa kaki ya tafi bakin Tafkin Chadi da kansa bayan an kashe masa sojoji a Bohoma, mu ɗin nan ne muka cika Facebook da hotunansa, muna cewa ga namiji, ina ma mu ne da shi. Mu ma Najeriya mun shiga Laberiya a 1990, mun shiga Saliyo, mun taka rawa a Gambiya a 2017. Kai, a watan Disambar 2025, ranar 7 ga wata, jiragenmu ne suka tsallaka Kwatano suka taimaka aka murƙushe yunƙurin juyin mulki a Jamhuriyar Benin. Ashe dai taimakon waje ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce wa ya kawo shi, da wace manufa, kuma da wane sharaɗi.

Akwai kuma waɗanda suka ɗaga tutar Rasha a titunan Kano lokacin zanga-zangar watan Agusta 2024, suna kiran Putin ya zo ya cece mu. Wasu cikinsu su ne yau suka fi kowa ɗaga murya kan 'yancin ƙasa. Malam, ka tsaya wuri ɗaya mana. Idan kiran Rasha ba cin amana ba ne, da wane ma'auni karɓar taimakon Amurka ya zama cin amana? Sannan a leƙa Mali a ga abin da Rashar ta haifar. A garin Moura, a watan Maris 2022, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500 a samamen sojojin Mali da baƙin mayaƙan da ke tare da su. Daga Satumbar 2025 kuma 'yan JNIM suka datse hanyoyin shigar da mai Bamako, suna ƙona tankoki, har aka rufe makarantu.

Mu a Kano ba labari aka ba mu ba. Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012 an kashe aƙalla mutum 185 a garin nan cikin yini ɗaya, har da ɗan jaridar Channels, Enenche Akogwu, da aka harbe yana bakin aiki. Ranar 19 ga Janairu 2013 aka buɗe wa motar marigayi Sarki Ado Bayero wuta, abin da ya jawo aka hana acaɓa, dubban matasa suka rasa abin yi. Ranar 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar New Road cikin Sabon Gari, ya cinye manyan motocin da ke shirin tafiya kudu da fasinjojinsu. Ranar 28 ga Nuwamba 2014 aka shiga babban masallacin Juma'a na cikin gari, liman ya tayar da kabbara, aka kashe sama da mutum 100. Ko sati biyu ba a yi ba, 10 ga Disamba, sai ga shi a Kantin Kwari, a tsakiyar Fagge. Mutum ɗaya ne ya kashe ɗan Ibo a New Road ya kashe Bahaushe a sahun salla. Bai tambayi kowa katin jam'iyya ba. Waɗanda suka yi kasuwanci a Kwari da Singa da Wapa a shekarun nan sun san yadda baƙin Nijar da Chadi da Kamaru suka ɗauke ƙafa, yadda ake sauke mutum daga babur ya tura da hannu a shingen sojoji, yadda ake caje mutum kafin ya shiga masallacin unguwarsu.

Kuma wutar ta sake matsowa. A watannin ƙarshen 2025 'yan bindiga sun riƙa tsallakowa daga Katsina suna shiga ƙauyukan Shanono da Tsanyawa suna ɗibar mutane. Ranar 17 ga Nuwamba aka sace 'yan mata 25 a makarantar Maga ta jihar Kebbi aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Kwana huɗu bayan nan aka kwashe ɗalibai da malamai ɗaruruwa a makarantar Katolika ta Papiri a jihar Neja. Ana gobe Kirsimeti bam ya tashi a masallacin kasuwar Gamboru a Maiduguri lokacin sallar magariba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mai zaune a Abuja ko a Nasarawa GRA zai iya yin lacca kan diyauci. Wanda aka sa wa ƙauyensu harajin miliyoyi kafin ya girbe geronsa, shi tambayarsa ɗaya ce, yaushe za a raba shi da mutanen nan.

To amma fa takobin takobi ne, yana yanka hannu. Masu ɗari-ɗari da Amurka ba mahaukata ba ne, kuma ba za mu bari a kira su magoya bayan 'yan ta'adda a wannan shafi ba. Sun ga Iraƙi a 2003. Sun ga Libiya a 2011, wadda rushewarta ce ta watsa makamai cikin Sahel har suka iso dazukanmu. Sun ga Amurka ta yi shekara 20 a Afganistan ta tattara ta bar wa Taliban. Sun ga yadda mutanen Timbuktu suka yi wa François Hollande tarbar gwarzo a Fabrairun 2013, sannan a 2022 aka raka sojojin Faransa da tsinuwa, bayan abubuwa irin na Bounti, inda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce jirgin Faransa ya kashe fararen hula 19 a wurin biki a Janairun 2021. Sun kuma san Amurka ta yi shekaru da sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas, amma ta'addanci bai ragu a yankin ba har aka sallame ta a 2024. Duk wannan gaskiya ne. Har ila yau Amurkar nan ce ta hana a sayar mana da jiragen yaƙi masu saukar ungulu a 2014, lokacin da muka fi buƙata, sai a 2021 jiragen Super Tucano 12 suka iso. Ba don Allah take yi ba, babu ƙasar da ke yi don Allah. Shi ya sa goyon bayanmu yake da sharaɗi.

Yanzu mu zo kan labarin, inda nan ne gizo ke saƙa.

Watanni kafin harin, an yi ta kaɗa ganga a Amurka cewa ana yi wa Kiristoci kisan ƙare dangi a Najeriya. Sanata Ted Cruz ya kai ƙudiri majalisa. Mai shirin talabijin Bill Maher ya zayyano alƙaluma. Har mawaƙiya Nicki Minaj aka kai ta yi jawabi a wani taro a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 31 ga Oktoba Trump ya sa Najeriya a jerin ƙasashen da ake zargi da take 'yancin addini, washegari ya yi barazanar shigowa da bindigogi. Da BBC ta bi diddigin alƙaluman da ake ta yawo da su, sai ta tarar da yawansu daga wata ƙungiya guda suka fito, kuma ba a iya tantance yadda aka tattara su ba. Kada a yi mana mummunar fahimta. An kashe Kiristoci a ƙasar nan, an kashe su da yawa: a cocin Madalla ranar Kirsimetin 2011, a Owo a 2022, a Yelwata ta jihar Binuwai a watan Yunin 2025, a nan Kano ma a harin da aka kai wa masu ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a Afrilun 2012. Duk wanda ya musa wannan maƙaryaci ne. Amma wanda ya ƙirga waɗannan ya tsallake kasuwar Goronyo a 2021, ya tsallake matafiyan da aka ƙona cikin mota a hanyar Sabon Birni a Disambar shekarar, ya tsallake masallatan Unguwar Mantau ta Malumfashi da aka harbe a sallar asuba a watan Agustan 2025, ya tsallake Sheikh Albani Zariya da matarsa da ɗansa, to shi ma rabin gaskiya ya faɗa, kuma da gangan.

Ku duba abin mamaki. An ce an zo ceton Kiristoci, sai aka jefa makamin a Tangaza, inda waɗanda Lakurawa ke gallaza wa Musulmi ne. Wato aikin da aka yi a ƙasa daban, tallan da aka yi a talabijin daban. Trump da bakinsa ya gaya wa jaridar Politico cewa shi ya sa aka jinkirta harin zuwa ranar Kirsimeti don ya zama kyauta. Wannan magana ba da mutumin Tangaza ake yi ba, da masu jefa masa ƙuri'a ake yi. Rundunar Amurka mai kula da Afirka, AFRICOM, a sanarwarta ta farko ko sunan jihar ba ta rubuta daidai ba, “Soboto” ta rubuta. Ta ce bisa roƙon hukumomin Najeriya aka kai harin, daga baya ta goge ta sake wata mai cewa da haɗin gwiwa. Amurka ta saki bidiyon makami mai linzami yana tashi daga jirgin ruwa, gwamnatinmu kuma tana maganar jirage marasa matuƙa. Ga wani abin dariya mai ciwo: gwamnatin da ta rufe bakin Muryar Amurka a watan Maris na 2025, sashen Hausa ya yi tsit, ita ce ta zo ta jefa bam a ƙasar Hausa ba ta da mai yi wa mutane bayani da Hausa.

Gwamnatinmu ma da laifinta. Ta yaya za a kai hari a ƙasarka, ka ce da izininka, amma 'yan ƙasarka su fara ji daga shafin shugaban wata ƙasa? Mutumin Jabo ya ga wuta ta faɗo gonarsa cikin dare, a garin da mazaunansa suka shaida wa 'yan jarida ba su san wani ISIS ba, babu wanda ya gaya masa komai sai da gari ya waye. Har zuwa rubuta wannan ba a fito da sunan kwamanda ko ɗaya da aka ce an kashe ba, ba a kai 'yan jarida dajin sun gani da idonsu ba. Ga shi kuma mun saba jin “an hallaka 'yan ta'adda da dama” daga baya a gano masu Mauludi ne, kamar Tudun Biri a Disambar 2023 inda aka kashe aƙalla mutum 85, ko ƙauyukan Silame da jirginmu ya faɗa wa ranar Kirsimetin 2024 a Sakkwaton nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kuma kar a manta, a 2022 hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga. Ka hana ɗan jarida shiga daji ya kawo gaskiya, sannan ka yi mamakin yadda jita-jita ta cika gari?

Gidajen rediyon Hausa da wakilan da suka taka har Jabo suka ji ta bakin mutane sun yi ƙoƙari, a yaba musu. Inda aka yi ɓarna shi ne a wayoyinmu. Bidiyon gobarar da ba a san ƙasar da ta faru ba, a rubuta Sakkwato a kai. Hotunan gawarwakin da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira. Saƙon murya na wani da ba ya faɗin sunansa yana rantsuwa cewa an shafe gari guda. A ɓangare guda kuma wasu 'yan kudu na ta murna a X suna cewa saura Kano, saura wane malami, kamar wasan ƙwallo ake. Kowane ɓangare yana ɗaukar hoton maganar ɗayan yana kai wa mutanensa, a ce kun gani ko? Masu shafukan neman mabiya kuwa kasuwarsu ta buɗe.

Dalilin da ya sa muka damu da wannan fiye da kowa shi ne mun san inda irin wannan ke ƙarewa. A watan Oktoba 2001, Amurka ta fara jefa bama-bamai a Afganistan, ƙasar da yawancinmu ba za su iya nuna ta a taswira ba. Aka fito zanga-zanga a Kano bayan sallar Juma'a. Kafin a ankara ta rikiɗe, aka yi ta kashe-kashe da ƙone-ƙone a tsakanin unguwannin nan namu. George Bush ko ƙwarzane bai samu ba. Wanda ya rasa ransa shi ne mai shago a Sabon Gari da ɗan dako daga Fagge. Haka aka yi a 1991 kan zuwan Reinhard Bonnke, haka aka yi a 2004 bayan rikicin Yelwan Shendam. Kullum abin a wani wuri yake faruwa, a zo a biya bashin a kan iyakar Fagge da Sabon Gari. Ƙaramar hukuma ɗaya muke. Ɗan Kwari yana sayen kayan gyaran mota a hannun Ibo, Bayerabiya tana sarin atamfa a hannun Bahaushe, duk wanda ya karɓi dala daga waje Wapa zai zo ya canza. Idan aka bar labarin Trump ya zauna a kan matasanmu, cewa wannan yaƙin Kirista ne da Musulmi, to an ba Lakurawa da ISWAP kyautar da ba su taɓa samu ba. Abin da suke wa'azi kenan shekara da shekaru ba a saurare su ba, yanzu ga shugaban Amurka yana taya su.

Saboda haka 'yan uwanmu na Sabon Gari, shugabannin coci da na ƙungiyoyin ƙabilu, muna roƙonku ku ja kunnen yaranku masu rubuta “saura ku”. Ba da yawunku suke yi ba, mun sani, amma shirunku ana fassara shi. Malamanmu masu hawa mumbari, kuna da 'yancin sukar Amurka, ku soke ta, amma ku ambaci sunan Lakurawa a huɗubar, ku faɗi abin da suka yi wa mutanen Mera. Ku kuma dakarun shafin nan, duk wanda ya turo bidiyo a zaurukanmu na WhatsApp ba tare da ya faɗi inda ya samo ba, za a goge. Ya sake, a cire shi, ko wane ne ubangidansa.

Sharuɗɗanmu ga gwamnatin tarayya ba su da yawa. Kowane hari ya zama Najeriya ce ta zaɓi wurin, kuma Najeriya ce za ta fara sanar da 'yan ƙasa, da Hausa da sauran harsunan da mutanen yankin ke ji. A kai yarjejeniyar da aka ƙulla da Amurka gaban Majalisar Tarayya a karanta, mu san me aka ba su, me suka ba mu, kuma zuwa yaushe. Ba ma son sansanin dindindin. A biya waɗanda tarkace suka yi wa ɓarna a Jabo da Offa. Sannan a tuna cewa makami daga sama ba ya riƙe ƙasa. Idan sojojinmu ba su shiga Bauni sun zauna ba, idan ba a kai 'yan sanda da alƙali da malamin makaranta Tangaza da Gudu ba, waɗanda suka tsere za su dawo, ko su gangaro wani dajin. Bello Turji da yaransa suna gabashin Sakkwato, wajen Isa da Sabon Birni, harin nan bai shafe su ba. Waɗanda ke shigowa Shanono da Tsanyawa ma bai shafe su ba.

Ministan tsaro Janar Christopher Musa da mai ba da shawara kan tsaro Malam Nuhu Ribadu duk 'yan Arewa ne, sun san dazukan nan. Su fito su yi wa mutane bayani a rediyo, a buɗe layi a yi musu tambayoyi. Sanatan Kano ta Tsakiya da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Fagge kuma, idan majalisa ta dawo hutu, muna jiran mu ji sun miƙe sun tambaya: mutum nawa aka kashe a Bauni, su wane ne, kuma wa ke riƙe da dajin yanzu.